Kiran da Ya Hau Takarda

A zamanin Sarki Mayau ɗan Gaude, wanda ya riƙe Birnin Garazo shekara ashirin da shida, an yi wata asara a mashigin Kogin Baure wadda masu ba da tarihi kan sassauta murya idan sun zo kanta. Rundunar Garazo ta haye ruwa da hantsi, ta kora mayaƙan Kumbuza har gindin tsauni, nasara saura ƙiris, sai ga algaita daga bayan duwatsu tana busa kiran janyewa. Kiran Garazo ne, ba na kowa ba. Kaura Shekarau, shugaban yaƙi, ya tsaya ya ƙidaya gaɓoɓinsa har goma sha biyu, babu wadda ta kuskure, sai ya ba da umarni a juya. Suna ba da baya cikin ruwa mutanen Kumbuza suka auka musu. Mutum ɗari huɗu ba su komo gida ba.

Shi kuwa Anaruwa, Sarkin Busan Garazo, wanda shi kaɗai ke da ikon busa wannan kira, yana tsaye a kan tudu kusa da tuta, algaitarsa na rataye a wuyansa, ko leɓensa ba ta taɓa ba.

Bari in faɗi abin da kiran nan yake, don a san girman ɓarnar. Garazo tana da kiran yaƙi bakwai, duk a gidan su Anaruwa suke, uba ya ba ɗa, tun kakansa na bakwai. Shida gajeru ne, kowa ya san su, har abokan gaba. Na bakwai shi ne kiran janyewa, wanda aka yi wa tsawo da karkace-karkace da gangan don kada kunnen baƙo ya ɗauke shi cikin hayaniyar yaƙi. A shekara ɗari sau biyu kacal aka busa shi a fili. Sau ɗaya a shekara akan tara manyan yaƙi a ɗaki a busa musu don su gane shi in sun ji, amma ganewa daban, iya busawa daban. Nomau, babban ɗan Anaruwa, sai da ya yi shekara huɗu kafin kiran ya zauna a bakinsa, kuma Nomau ba daƙiƙi ba ne. Wannan kira shi ya mai da gidan gida. Rawani, gonaki, wurin zama a fada gaba da masu takubba da yawa, duk albarkacin abin da ke cikin kan mutum uku ne: Anaruwa da 'ya'yansa biyu.

Kwana uku da komowa Sarki ya tara majalisa. A safiyar an wayi gari kakakin ƙofar fada ya tsage daga baki har tsakiya ba wanda ya taɓa shi. Liman ya ce tagulla ce ta tsufa, amma ko shi da ya faɗa bai yi kama da wanda ya yarda ba.

Galadima Dandawo ne ya fara magana. Dogon mutum ne mai taushin murya, kuma shi ya wakilci Sarki a Baure, saboda haka ya fi kowa son a sami kan da za a ɗora wa laifi kafin mutane su tuna da nasa.

“Allah ya ja zamanin Sarki,” in ji shi. “Kiran nan ba shi da ƙafa da zai taka zuwa Kumbuza. Yana cikin kai uku, kuma duka ukun a gida ɗaya suke kwana. Ban ce Sarkin Busa ya sayar da mu ba. Na ce a tambaye shi wa yake cin tuwo da shi a akushi ɗaya.”

Babu wanda bai gane wanda yake nufi ba. Bartalo yake nufi.

Bartalo Banasare ne daga wani birni na bakin teku can bayan Bahar Rum, mawaƙi a majami'arsu. 'Yan fashin teku suka kama jirginsu, aka sayar da shi a Tarabulus tare da wani abokinsa mai suna Filibu, suka keto hamada da fatake. Madugu ya ba Sarkin Garazo Bartalo kyauta, Filibu kuwa aka wuce da shi Kumbuza, lokacin ana zaman lafiya. Sarki ya rasa yadda zai yi da mutumin da bai iya noma ba, bai iya ƙira ba, doki ma tsoronsa yake ji, sai ya miƙa shi ga Sarkin Busa tunda an ce yana waƙa. Shekara uku ke nan. Anaruwa, wanda ba ya iya zama da 'ya'yan cikinsa na rabin yini ba tare da faɗa ba, sai ya zama yana kai la'asar a gindin durumi yana sauraren wannan baƙo da Hausarsa mai ɗingishi.

Abin da yake ji kuwa ya isa a saurara. Bartalo ya ce a da can a ƙasarsu masu ibada murya ɗaya suke rerawa su duka, kuma sai yaro ya shekara goma yana koyo da ka, kamar dai a Garazo. Sai wasu suka fara ɗiga alamu a kan kalmomi don tunawa da inda murya ke hawa da inda take sauka. Daga baya aka ja layuka a takarda, kowane ɗigo ya sami matsayinsa, har mutum ya iya rera waƙar da bai taɓa ji ba. Da aka sami wannan sai aka fara haɗa murya biyu, sannan uku, sannan huɗu, kowace na bin hanyarta amma suna haɗuwa inda aka shirya musu, aka kuma ƙirƙiro ɗigo fari da baƙi don nuna tsawon kowane sauti. Anaruwa ya yi dariya har da hawaye ranar da ya fara jin haka, ya ce mutum huɗu kowa na waƙarsa a lokaci guda, a nan sunan wannan rikici. Sai Bartalo ya koya wa Nomau da ƙanensa Barmo layi guda guda, ya riƙe na uku, suka rera masa. Tsohon bai yi dariya ba, sai dai ya ce su sake.

To wannan mutumin ne Galadima ya nuna da baki, kuma bai zo hannu wofi ba. Ya zaro wata takarda daga hannun rigarsa ya ce masu tsaron ƙofar arewa ne suka same ta ɗinke a cikin jakar wani bafatake da ya zagayo daga Kumbuza, an ce ya ba Banasaren gidan Busa. Aka miƙa wa Liman. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce ba Larabci ba ce, ba hatimi ba ce, layuka ne biyar biyar da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, sai wani rubutu a ƙarƙashi da bai san irinsa ba. Kaura Shekarau, wanda ƙanensa na cikin waɗanda ruwa ya ci, ya ce shi bai ga abin dogon zance ba, a fille kan Banasaren, a tuɓe rawanin gidan da ya ajiye shi. Wasu suka ce taswirar ganuwa ce, wasu suka ce adadin mayaƙa ne, kowa na magana yana satar kallon na kusa da shi.

Sarki Mayau ya bar su sai da suka gaji. Sannan ya dubi Anaruwa. “Sarkin Busa, gidanka ne, kai za ka share shi. Banasaren yana gidan Yari. Ɗauki takardar. Jibi da hantsi ka kawo mini wanda ya yi, ko ka kawo mini rawanin kakanninka.”

Anaruwa ya koma gida da zuciya kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya daina iya kallon kowa yadda ya saba. Nomau ya kawo masa ruwa, sai ya tsinci kansa yana tunanin wace rana ce Nomau ya yi tafiya bai faɗi inda ya je ba. Barmo ya gaishe shi, sai ya tuna matar Barmo 'yar garin kan iyaka ce, kuma 'yan uwanta na yawan zuwa. Har kansa ya zarga, ko ya yi ta gunjin kiran cikin zazzaɓin da ya yi bara. Zargi mugun baƙo ne, in ya shiga gida ba ya zaɓar ɗaki.

Da ya tuna zazzaɓi sai wani abu ya faɗo masa. Al'adar gidan ita ce ba a koyar da kiran janyewa a cikin gari. Da kaka akan tafi gonar Busa, tafiyar rabin yini, a sallami bayi da barori, sannan a busa. Kakar bara, da suka je tisa wa Barmo, Bartalo yana kwance a bukkar gona ba lafiya. Nomau ya ce a ɗauke shi a kai shi ƙauye. Anaruwa ya ce a bar bawan Allah ya huta, me zai ɗauka a ji biyu ko uku, abin da ɗan gida ke shekara huɗu a kai? Ya faɗi haka ne bayan ya sha jin labarin takardar waƙa ta su Bartalo da kunnensa, amma bai taɓa haɗa ta da nasa kiran ba. Shi a ganinsa takarda ta waƙoƙin Nasara ce.

Yana cikin wannan tunani sai ga Galadima da kansa, da azahar, ba rakiya. Ya zauna a zaure, ya yi ta'aziyyar mutanen Baure, ya yaba hidimar gidan Busa tun kakanni, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Ya ce shi ba ya son ganin tsohon gida ya rushe saboda bawa. Hanya a buɗe take: Anaruwa ya ce Banasaren matsafi ne, ya zare kiran daga kan mutanen gidan suna barci. Kowa zai yarda, domin kowa yana son ya yarda. A fille kai guda, rawani ya zauna inda yake, Nomau ya gada bayan ransa. Anaruwa ya yi godiya, ya raka shi har ƙofa, kuma ba zan ɓoye ba, maganar ta shige shi. Ya tsaya yana kallon bayan Galadima yana tunanin me ya sa babban mutum zai tako da ƙafarsa ya kawo wa mabushi mafita, amma mafitar dai mafita ce.

Washegari da la'asar ya tafi gidan Yari. Ya tarar da Bartalo zaune a ƙasa da mari a ƙafa, ya rame cikin kwana biyu. Anaruwa bai amsa gaisuwarsa ba, sai ya shimfiɗa takardar a gabansa.

“Rera mini ɗige-ɗigen nan. Bar rubutun tukuna.”

Jeri huɗu ne. Bartalo ya rera na sama, wata waƙa mai zaƙi da Anaruwa bai sani ba. Ya rera na biyu, haka. Da ya zo na uku sai muryarsa ta yi ƙasa, kowane sauti ya ja shi har numfashi ya kusa ƙarewa kafin ya matsa zuwa na gaba. Anaruwa ya saurara bai gane komai ba, har ya fara jin sauƙi a ransa. Sai ya dubi gwiwarsa ya ga yatsunsa suna motsi da kansu, suna toshe ramukan algaitar da ba ta nan. Yatsun sun riga kunnen ganewa.

“Maimaita,” ya ce. “Da sauri.”

Bartalo ya maimaita da sauri. Gaɓa goma sha biyu, babu wadda ta kuskure.

Sannan Bartalo ya ce, “Maigida, a ƙasarmu haka ake gina waƙa. Mutum yakan ɗauki wata da ya ji, ta majami'a ko ta kasuwa ko ta soja, ya ja ta ta yi tsawo, ya sa ta a matsayin tushe, ya ɗora sauran muryoyi a kanta. Girmamawa ce. Tun da na zo ƙasar nan ban ji abin da ya kai wannan kyau ba. Na rubuta shi a bukkar ina kwance, na gina waƙa a kai, na aika wa Filibu tun kafin yaƙi, domin shi kaɗai ne a duk wannan nahiya zai iya karantawa. Ba wanda ya gaya mini asiri ne.”

Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya gaya masa, domin a gidan Busa ba a taɓa tunanin akwai buƙatar a ja kunnen wanda ba zai iya ɗauka ba.

Rubutun da ke ƙarƙashin ɗige-ɗigen kuwa na Filibu ne, wanda ya dawo masa da waƙar, ya jera shi kamar baitin waƙa don kada masu gadi su lura. Bartalo ya fassara yana kuka. Filibu ya koyar da waƙar a fadar Kumbuza, sai wani tsohon mabushi da ya taɓa jin kiran sau ɗaya yana saurayi ya tsaya cak, ya sa aka rera masa jeri na uku shi kaɗai da sauri. Tun daga ranar aka kulle Filibu da mabusa uku yana rera musu daga takarda har suka haddace. Filibu ya ce Sarkin Kumbuza yana tahowa da dukan rundunarsa kafin tsayuwar wata, kuma yana ganin Garazo za ta zargi tsafi ko cin amanar gida, ba za ta gane ba, saboda haka zai sake busa kiran.

Anaruwa ya naɗe takardar ya tashi. Bartalo ya tambaye shi ko za a kashe shi. Ya ce bai sani ba tukuna, kuma a lokacin da gaske bai sani ba.

Da hantsi majalisa ta cika. Galadima ya yi masa wani kallo na mun riga mun gama magana. Anaruwa ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zauna a kan dugadugansa.

“Zaki, Allah ya ƙara maka nasara. Ka ce in kawo wanda ya yi, ga ni na kawo shi. Ni na bar baƙo a bukka ana busa kiran. Shi ya rubuta, bai san abin da yake rubutawa ba. Ni na san abin da ake busawa, kuma an gaya mini tun tuni cewa mutanensa na kama sauti a takarda, na ɗauke shi labarin hira. Babu tsafi a ciki, babu cinikin asiri. Sakacin tsoho ne.”

Ya ba da labarin duka, har saƙon Filibu. Fada ta kaure. Galadima ya ce to ai magana ta ƙare, kai biyu ke nan maimakon ɗaya, kuma wa ya tabbatar wasiƙar ba tarko ba ce da Sarkin Kumbuza ya sa aka rubuta? Mutum ɗaya ne a garin nan ke iya karanta ta, kuma shi ne wanda ake tuhuma. Anaruwa ya ce wannan gaskiya ne, ba shi da shaida sai zaman shekara uku. Amma ya roƙi a ji shawara guda kafin a kira hauni mai sare kai. A bar Kumbuza da abin da suka sata. A sanar da manyan yaƙi cewa tsohon kira ya mutu, in sun ji shi tsakiyar runduna ta yi kamar ta gudu. A yi sabon kira da algaita biyu, kowace da layinta, suna tafiya tare irin na ƙasar Bartalo, ta yadda ko ɓarawo ya ji ba zai san wace zai bi ba.

Kaura Shekarau ya daɗe yana shafa gemu. Ba ya ƙaunar Banasaren ko kaɗan, amma mayaƙi ne, kuma tarkon ya yi masa daɗi. Ya ce tambayarsa ɗaya ce. Tsohon kira yana da dattawan da suka riƙe shi, in yaro ya karkace a gyara masa. Sabo kuwa ba shi da dattijo. Kwana takwas ya rage. Me zai hana abin da aka busa yau ya zama wani abu dabam jibi?

Anaruwa ya san amsar tun a hanya, kuma ya san abin da za ta ci masa. Ya ce, “Takarda.”

Sarki ya ɗan sunkuyo daga kan karaga. “Ka san abin da ka faɗa, Sarkin Busa?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

Aka kwance wa Bartalo mari, amma Sarki ya sa dogari biyu su bi shi duk inda ya sa ƙafa, ya kuma ce ranar yaƙi a tsayar da shi kusa da tuta da takobi a bayan wuyansa, in wasiƙar ta zama tarko kansa ne zai fara faɗuwa. Kwana takwas aka yi a gonar Busa. Bartalo na zaune da takarda a cinya, Anaruwa na busa layin ƙasa, Nomau na busa na sama, in ɗayansu ya zame sai baƙon ya ɗaga yatsa ya nuna ɗigo. Mutumin da ya shekara arba'in ba wanda ya isa ya gyara masa busa, ga shi bawa na gyara masa da yatsa, kuma kowane karo bawan ne ke da gaskiya. Manyan yaƙi suka zo suka saurara, suna harara, suka tafi da shi a kunne.

Kumbuza ta iso kwana ɗaya kafin tsayuwar wata, aka haɗu a fadamar Marke da rana tsaka. Kaura ya ɓoye mahaya a cikin gonakin dawa hagu da dama, ya tura mayaƙan ƙasa tsakiya. Aka gwabza har ƙasa ta jiƙe. Can sai algaita ta taso daga wani kwazazzabo a bayan Garazo, tana busa kiran janyewa.

Anaruwa ya ji shi daga kan tudu, kuma ya gwammace a ce kibiya ce ta same shi. Daidai aka busa, sauti bayan sauti, sai dai mabushin bai san inda kakanni ke jan numfashi ba, yana ta zubo shi a jere kamar mai ƙirga awaki. A ƙasa kuwa 'yan Garazo sun juya suna gudu, wasunsu har da dariya. Kiran da in an busa shi manyan mazaje ke zubar da hawaye, yau an ji shi ana dariya, kuma shi da bakinsa ya koya musu haka.

Mayaƙan Kumbuza suka biyo su a guje, sahu ya watse, kowa na son ya riga wani ganima. Sai da suka shige tsakanin gonakin biyu Kaura ya ɗaga mashi. Anaruwa ya dubi Nomau, suka ɗaga algaitu tare. Murya biyu suka tashi, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, suka rabu, suka haɗu. Dawa ta buɗe hagu da dama, masu gudu suka juyo. Kafin la'asar Sarkin Kumbuza ya tsere da mutum ƙasa da ɗari, ya bar tutarsa da tamburansa a fadama. Dogarin da ke bayan Bartalo ya mayar da takobi kube, Bartalo kuwa ya zauna a ƙasa.

Washegari aka cika fada maƙil. Sarki ya ba Kaura doki da alkyabba. Galadima ya yi dogon jawabi yana nuna cewa shi dama tun farko ya ce a bincika a hankali, ba wanda ya tanka masa. Aka kira Bartalo, Sarki ya 'yanta shi, ya ce daga yau shi ne mai ajiyar kira, za a riƙa sauya kiran janyewa kowace shekara, a rubuta, a kulle a akwatin Sarki, ya kuma koya wa mutum goma daga gidaje daban-daban karatun ɗigo don kada asirin gari ya sake zama a hannun gida ɗaya. Sannan ya juyo ga Anaruwa, ya yi magana a hankali, ba fushi a muryarsa.

“Sarkin Busa, ka kashe mini mutum ɗari huɗu da sakaci, ka ceci gari da gaskiya. Ba zan tuɓe ka ba. Rawanin naka ne har ranar da za ka koma ga Allah. Amma kai ne na ƙarshe. Abin da gidanku ke riƙe wa Garazo yanzu yana shiga tafin hannu.”

Anaruwa ya faɗi ya yi godiya yadda aka saba. Bartalo ya so ya tare shi a ƙofa, Anaruwa ya ɗaga masa hannu ya wuce, ba don ƙiyayya ba, sai don ba zai iya tsayawa magana ba a ranar.

A zauren gida ya tarar da Nomau yana jira, fuska cike da fara'a, domin ya ji tambura na tashi daga fada. Ya miƙe ya karɓi sandar uban, ya tambayi abin da Sarki ya ba gidan. Anaruwa ya zauna ya gaya masa duka, bai rage ba. Nomau ya daɗe tsaye da sandar a hannu. Mutum ne mai shekara talatin da biyar, bai taɓa koyon wata sana'a ba.

“To Baba, kiran fa? Ya zan yi da shi?”

Anaruwa ya kwance algaitar daga wuyansa ya ajiye a kan tabarma.

“Riƙe abinka,” ya ce. “In wani ya roƙe ka ka busa masa. Yanzu waƙa ce kawai.”